Shaggar haya a Jidda: a fasa bangon kicin ko a bar shi?

Baban_Walid: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Tun da aka rushe unguwarmu ta Gulel a 2022 muke ta ƙaura, wannan shi ne gida na uku. Yanzu Allah ya haɗa mu da wata shagga, wato fulat, a kudancin Jidda, hawa na biyu a wani tsohon gini: ɗaki uku, majalisi (ɗakin baƙi), sala (falo), kicin da banɗaki biyu. Mai gidan dattijo ne, ya ce duk gyaran da na ga dama in yi, amma ko halala ba zai rage mini daga kuɗin haya ba. Na ware riyal 12,000. Uwargida tana son a fasa bangon da ke tsakanin kicin da sala a yi wanda ake kira kicin ɗin Amurka, a yi silin na jibs (gypsum) mai ɓoyayyun fitilu, a zuba kujerun zamani a majalisi. Ni kuwa raina ya fi kwantawa da majalisin ƙasa irin wanda na tashi na gani. Ba faɗa muke yi ba, ita ce ma ta ce in kawo maganar nan. Me kuka gani?

DanSharaMansur: Wa alaikumus salam. Alhaji, da bakinka ka ce gida na uku cikin ɗan wannan lokaci. To duk abin da ba za ka iya ɗorawa a bayan mota ranar tashi ba, kada ka sa masa kuɗinka. Jibs ba ya bin mutum.

Hajiya_Rusaifa: Amin wa alaikumus salam Baban Walid, Allah ya sa gidan zama ne na alheri. Ni maganar kicin kawai zan taɓa. Waɗanda suka ƙirƙiro buɗaɗɗen kicin ba su san daddawa ba. Ɗiyata ta kama irin wannan shagga a Makka, ranar da ta soya manja da albasa ta zuba busasshen kifi, kwana uku labule da kujeru suna ba da labari. Sai da ta ƙarar da turaren wuta na wata guda cikin mako ɗaya. Kuma baƙo na zaune a sala yana kallonki kina tuƙa tuwo kina zufa, ina mutuncin yake? A hoton Instagram kicin ɗin ba a taɓa girki a cikinsa ba, shi ya sa yake ƙyalli.

Ummu_Sultan: Hajiya, da girmanki, amma ba kowane buɗaɗɗen kicin ke haka ba. Nawa buɗe yake, shekara huɗu ke nan, kuma ba wata miyar da ba na yi. Sirrin yana ga fankar zuƙe hayaƙi, wadda Larabawa ke kira shaffaɗ. Akwai mai bututu da ke fitar da iska waje, akwai kuma wadda take tace iskar da gawayi ta sake dawo miki da ita cikin ɗaki. Ta biyun ce ake yawan liƙa wa mutane saboda sauƙin ɗaurawa, ita kuwa ba ta iya wa girkinmu. A tambayi ɗiyarki wace iri ce tata.

Hajiya_Rusaifa: Zan tambaye ta. Amma ko an kori ƙauri, wa zai kori idon baƙo?

Mu'allim_Jibs: Salamu alaikum. Sana'ata ke nan, shekara goma sha tara ina aikin silin da fenti tsakanin Jidda da Makka, don haka maganar da zan yi cinikina take ragewa, amma gaskiya ɗaya ce. Alhaji, kafin a zo kan so ko ƙi, a fara sanin wane irin bango ne. Yawancin manyan gine-ginen nan ginshiƙan kankare ne ke ɗauke da nauyi, bangon tsakani bulo ne kawai aka jera, ana iya cire shi. Amma akwai tsofaffin gidaje, irin na sha'abi, wato ginin gargajiya na unguwanni, waɗanda bangon da kansa ne ke riƙe da rufi, wani lokaci ma an ƙara hawa a kai daga baya. Irin wannan in ka taɓa, garin neman gira ka rasa ido, kai da maƙwabcin da ke samanka. Injiniya ne zai duba ya faɗa maka, ba lebura mai guduma ba. Na biyu, bangon kicin da wuya ka same shi babu bututun ruwa ko wayar wuta a ciki. Kuɗin fasawa kaɗan ne, kuɗin karkatar da waɗannan da gyara tayil ɗin ƙasa inda bango ya tashi shi ne ke cinye aljihu, kuma ba za ka samu tayil mai kalar tsohon ba. Na uku, "yi abin da ka ga dama" na baki ne. Yau dattijo ne, gobe magada ne. Ka sa a rubuta yardarsa, a shigar cikin sharuɗɗan yarjejeniyarku ta Ejar, wato shafin gwamnati na rajistar haya, a faɗi ko za ka mayar da bango ranar fita ko ba za ka mayar ba.

Abu_Fahad_Hausawi: Maganar Mu'allim ta ƙarshe a rubuta ta da ruwan zinare. Wani maƙwabcina ya yi wa shaggar haya gyara kamar gidan amarya, har da daɓen katako a ƙasa. Shekara na zagayowa mai gida ya shigo, ya ga yadda wuri ya koma, ya ce ai yanzu shaggar ta wuce tsohon farashi. Da kuɗinsa ya saya wa kansa ƙarin haya.

Dalibi_Madina: Na ji an ce an hana ƙara kuɗin haya na shekara biyar, ba haka ba ne?

Abu_Fahad_Hausawi: Wannan na birnin Riyad ne ɗana, tun watan Satumba na 2025. Alhaji a Jidda yake.

Gwaggon_Jarwal: Ni dai tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Baban Walid, kada ka bari a raba ka da majalisin ƙasa. Mu nan gidajenmu tasha ne. Daga Rajab zuwa Sallar azumi ba a rasa baƙon Umra daga Kano ko Damagaram ko Kumasi, wani ɗan'uwa, wani ɗan'uwan ɗan'uwa. Majalisin ƙasa da rana wurin hira ne, da dare a janye matasan jingina mutum takwas su miƙe su yi barci. Ranar suna ko walima a shimfiɗa sufura, wato shimfiɗar cin abinci, a tsakiya a ajiye tire, kowa ya samu wuri. Kujerar zamani mutum bakwai take ɗauka a zaune, mutum ɗaya a kwance, shi ma da ƙafa a waje.

Baban_Walid: Gwaggo, kin faɗi abin da ke raina. Allah ya ƙara lafiya.

Dr_Gwiwa: Gwaggo, Allah ya ja kwana, amma ke kanki a ina kike zama in kin je gidan mutane? Ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti, kuma rabin dattawanmu da nake gani ciwon gwiwa ne. Zama a ƙasa ba shi ne wahalar ba, tashin ne. Akwai tsaka-tsaki: majalisin Larabawa mai tudu, wanda ake yi wa ƙafa ta katako ya taso kamar santimita 40 zuwa 45, daidai tsayin kujera, ya bi jikin bango ya bar tsakiya a buɗe. Ana kwana a kansa, ana tashi ba tare da an dafa kafaɗar jika ba. Ko a yi ɓangare biyu na ƙasa, ɓangare ɗaya mai tudu don manya.

Gwaggon_Jarwal: Likita ya kama ni. A kan kujerar roba nake salla shekara shida ke nan.

Najjar_Bawadi: In za a yi majalisi ko wane iri ne, soso shi ne magana, ba yadi ba. Masu ɗinki suna nuna maka yadi mai sheƙi ka manta da tambayar abin da ke ciki. Soso mai sauƙin nauyi wata shida ya lotsa, ka zauna ka ji katako. Ka nemi mai matsi sosai, ka ɗaga shi da hannu ka ji nauyinsa, ka danna da gwiwa ka ga ko yana dawowa nan take. Sannan a yi wa rigunan zif don a riƙa cirewa ana wankewa, gidan yara ne. Araha ba ta ado, Alhaji.

Maman_Walid: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ce uwargidan da ake magana. Na karanta komai, na gode, amma Baban Walid bai faɗa muku dalilina ba, ya sa na zama kamar mai biye wa hotunan waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kicin ɗin nan tagarsa ba ta fi faifai biyu ba, kuma cikin ramin iska na tsakiyar gini take kallo, ba waje ba. Babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ciki. A watan Agusta in na shiga tun bayan la'asar ba na fitowa sai an kira magariba, kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ƙaramarmu shekararta biyu, tana sala, ba na ganinta ba na jin motsinta, ranar nan a bakin soket na same ta da cokali. A Gulel gidan ƙasa muke, a tsakar gida nake girki, ina ganin kowa kowa na ganina, maƙwabciya ta leƙo mu yi hira. Abin da nake nema ke nan, ba Amurka ba. Maganar kujeru kuma na bar wa Gwaggo da Likita, duk yadda aka yi daidai ne. Jibs ɗin ma sha'awa ce kawai.

Hajiya_Rusaifa: Ayya ɗiyata, yanzu na fahimta. Ki yafe ni, na yi miki fassarar da ba ita ba. Baban Walid, ai da ka faɗi wannan tun farko.

Baban_Walid: Hajiya, na karɓi laifina. Wallahi ni kaina ban san abin ya kai haka ba, da dare nake dawowa.

DanSharaMansur: To Alhaji ka shiga kicin ɗin ranar Juma'a ka dafa shayi ka gani, gani ya kori ji.

Mu'allim_Jibs: Tunda haka ne magana ta sauya, kuma ta yi sauƙi. Ba sai an rushe bango duka ba. A buɗe taga a jikinsa, faɗin kamar mita ɗaya da rabi, daga tsayin ƙugu zuwa sama, a sa mata gilashi mai zamewa cikin firam na alminiyum, a ɗora ɗan dutsen marmara a ƙasanta ya zama wurin miƙo abinci. In Hajiya na yanka albasa ko tana jiran tukunya sai ta buɗe, sanyin sala ya shigo, tana kallon yarinya. In za a soya kifi ko an yi baƙi sai ta ja gilashi ta saki labule. Tayil ɗin ƙasa ba a taɓa shi ba, ranar fita kuma bulo kaɗan da buhun siminti sun mayar da shi yadda yake. Amma har yanzu sai an duba bangon, kuma sai an sa lintal a saman tagar.

Ummu_Sultan: Wannan dabara ta yi. Da na san da ita da ban fasa nawa duka ba, don in faɗi gaskiya ranar da dangin maigida suka zo nakan ji kamar a kasuwa nake girki.

Kahrabai_Kilo14: Ni abin da ya tsaya mini a rai cokalin nan ne da soket. Alhaji, tsohon gini ka ce. Kafin fenti, kafin labule, ka kira mai aikin wuta ya buɗe akwatin fiyus. Gidajen da aka gina da can da yawa layi biyu ne a cikinsu, 127 da 220, kuma an daɗe da komawa 230 a sababbin gine-gine, sai ka tarar an yi ta ƙare-ƙare a tsohuwar waya ba tsari. Abubuwa uku nake so a duba: ko akwai wayar ƙasa, ko akwai abin da ke katse wuta da kansa in ta fara zuba ta jikin mutum ko ruwa, da kuma kaurin wayar da ke zuwa mukayyif da hita. Soket kuma a canza su zuwa mai ƙafa uku mai murfin ciki, wanda ramukansa ba sa buɗewa sai an tura filogi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Silin mai ɓoyayyun fitilu a kan ruɓaɓɓiyar waya, kyan ɗan maciji ne.

Dalibi_Madina: Malam Kahrabai, tunda ka zo, tsakanin mukayyif na taga da sifilit, mai rabi a cikin ɗaki rabi a waje, wanne ya fi? Muna shirin kama gida ni da iyali.

Kahrabai_Kilo14: Ka yi lissafi da kanka. Kamfanin wuta yana sayar wa gidaje kilowat ɗaya a halala 18 har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15. Tsohon mukayyif na taga mai tan ɗaya da rabi yana jan kusan kilowat 2 a awa in kwamfiresa na aiki. Awa goma a rana, kwana talatin, kilowat 600 ke nan, riyal 108 kafin haraji, na ɗaki ɗaya. Sifilit mai inbata yana rage gudu in ɗaki ya yi sanyi maimakon ya mutu ya sake tashi, don haka ya fi sauƙin ci, ga shi ba ƙara. Ka duba takardar da ke manne a jiki mai nuna yawan cin wutarsa kafin ka saya. Sai dai ga mai yawan ƙaura na taga yana da ranarsa: ka zare ka tafi. Sifilit duk tashi sai ka biya mai kwancewa da mai ɗaurawa, wani lokaci da ƙarin gas da bututun tagulla.

DanMaiWurno: Salam daga Riyad. Ni ɗan Mai Wurno ne, kusa da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu, kakanninmu suka zo daga ƙasar Sakkwato. Maganar Maman Walid ta tuna mini gida. Mu can rabin rayuwa a hoshi take, wato tsakar gida, da rakuba, rumfar da mata ke girki da hira a ƙarƙashinta. Da dare a yayyafa ruwa a ƙasa a fito da angarib, gadon igiya, a kwana ana kallon taurari. Maza kuma suna da diwani a bakin ƙofa, kamar zaurenku, kamar majalisin nan. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 na ɗauko mahaifiyata, wata uku ba ta iya barci a shagga, tana cewa an sa ta a akwati. Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne na samo mata angarib wurin 'yan ƙasarmu, na ajiye a gefen tagar sala, na cire labule mai kauri na sa mai shara-shara. A nan take wuni da carbinta. Riyal nawa ne wannan? Amma ya fi mata duk kayan gidan.

Gwaggon_Jarwal: Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa. Ka gaishe ta.

DanMaiWurno: Amin Gwaggo, za ta ji.

Binta_Zane: Ina karatun tsara cikin gida a nan Jidda, bari in sa baki a kan abin da zai ba Anti Maman Walid kyan da take so ba tare da jibs ba. Abin da ke burge mutane a hotunan nan galibi haske ne, ba silin ba. Gidajenmu mun saba da farin kwan fitila mai lamba 6500, shi ke sa ɗaki ya zama kamar ɗakin jira a asibiti. A sa mai 3000 a sala da ɗakunan kwana, mai ɗan ja-ja, a bar 4000 a kicin inda ake son ganin abin da ake yankawa. A ƙara fitilar tsaye ɗaya ko biyu a kusurwa maimakon guda ɗaya a tsakiyar rufi. Fenti kala ɗaya mai haske a gidan duka, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai sanyi, sai bango ɗaya tak a canza masa. Labule a ɗaura sandarsa kusa da rufi ya sauko har ƙasa, ɗaki zai yi kamar ya ƙara tsawo. Kuma a rage kaya. Mu Hausawa muna da son cika bango da kabet da jeren kwanuka da furannin roba, sai ɗaki ya rasa wurin numfashi.

Hajiya_Rusaifa: Binta, a bar mana jerenmu. Wannan kwalla da samira da kike gani uwata ce ta zo da su daga Kano ta jirgin ruwa ta Sawakin, ba kayan roba ba ne.

Binta_Zane: Hajiya, ai irin naki ba a ɓoye shi. Cewa nake a zaɓi biyar masu kyau a ba su kanta ɗaya da fitila a kai, su fito, maimakon hamsin da ke danne juna. Ni a ɗakina faifai bakwai na Bidda da na Kano na jera a bango, da tumtum biyu na fata a ƙasa. Ƙawayena Larabawa duk wadda ta shigo sai ta tambayi inda ake sayarwa. Wani malaminmu yakan kai mu Balad mu kalli rawashin, tagogin katakon nan na tsofaffin gidajen Jidda da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Iska na shiga, haske na shiga, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Tagar da Mu'allim ya kawo shawara ma ana iya yi mata ragar katako irin wannan maimakon labule.

Najjar_Bawadi: Ragar katako a bakin kicin maiƙo za ta sha, kowane rami sai an bi shi da buroshi. A yi ta ta ɓangaren sala, gilashi na tsakani.

Abu_Fahad_Hausawi: Ba wanda ya yi maganar danshi, kuma Jidda ce. Alhaji, ka bi bangon da ke jingine da banɗaki ka shafa hannu daga ƙasa. In ka ga fenti ya kumbura ko wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, ruwa ne ke yoyo a ciki. Kada ka yarda mai fenti ya ce zai rufe, wata biyu zai dawo. Kada kuma ka manna takardar bango a wurin, funfuna za ta yi gida a bayanta, ka rasa inda wari ke fitowa. Wannan gyaran na mai gida ne, ba naka ba, ka nuna masa tun kafin ka shigo da kaya. Tagogi ma a duba robar gefensu. Ruwan Jidda ba ya zuwa kullum, amma wanda ya ga na Nuwamban 2009 ko na 2022 ya san yadda yake zuwa.

Mu'allim_Jibs: Haka ne. In ma an dage sai an yi jibs a kicin ko banɗaki, koren allo ake sawa, shi ke jure laima, ba farin ba. Kabet ɗin kicin kuma a garin nan alminiyum ya fi katakon da aka matse, wanda in ruwa ya taɓa gindinsa yake kumbura kamar burodi, kyankyasai su samu masauki. Na alminiyum ana kwance shi a tafi da shi.

DanSharaMansur: Kun ga mun dawo kan maganata ta farko. Abin da ake kwancewa a tafi da shi.

Ummu_Sultan: Malam, in aka biye maka ai a kan akwati za mu zauna har mu mutu. Kakanninmu sun zo da niyyar Hajji ɗaya su koma, ga mu jikoki muna nan. Kullum "ba mu san gobe ba", sai mutum ya shekara ashirin a ɗakin da bai taɓa buga ƙusa ba. Yaran da ke tasowa a ciki fa? Su ba haya suka sani ba, gidansu suka sani.

DanSharaMansur: Hajiya, ni na kwashe kaya da hannuna ana jiran katafila a bakin layi. Ƙofar ƙarfen da na sa da kuɗina ko ita ban samu cirewa ba. Ga kuɗin iyali riyal 400 kowane kai duk wata a kan mai igama, wato takardar izinin zama. Ba rowa ba ce, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Ummu_Sultan: Allah ya mayar da alheri. Ban ce ka yi ƙarya ba. Fenti da fitila dai ba su kai ƙofar ƙarfe ba.

Maman_Hanan: Ni tambaya ce da ni, kayan gwanjo fa? Muna zuwa kasuwar Sawarik mu ga kujeru da gadaje masu kyau a rabin kuɗi.

Najjar_Bawadi: Katako zalla, tebur, kanta, ƙarfen gado, saya ki goge ki yi musu fenti, sau da yawa ma tsohon katako ya fi sabon yanzu. Amma duk abin da ke da soso ko yadi, ki yi hattara ko a ina ne. Na taɓa sayen kujera wurin wani mutum da ke tashi daga gida, tsaf da ita kamar ba a zauna ba. Mako biyu yara suka fara susa. Kuɗin cizo ne cike da ɗinkin. Abin da na kashe a feshi da katifun da na zubar ya ninka kuɗin sabuwa. Ki tafi da tocila ki buɗa ɗinki da ƙasan kujera, in kin ga ɗigo-ɗigo baƙi ki wuce.

Malam_Utaibiyya: Tunda an shiga banɗaki, a tuna da alwala. Tayil mai santsi da sheƙi na sala ne, a banɗaki a sa mai kaushi, dattawa da yawa a nan suka karye. In baƙi tsofaffi na zuwa, banɗaki ɗaya a bar shi na tsuguno ɗaya na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Kuma wurin wanke hannun nan da ke bakin majalisi a gidajen nan kada a cire shi don ado, yana hana baƙo ratsawa cikin iyali.

Baban_Walid: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na shiga kicin ɗin kamar yadda DanSharaMansur ya ce, ban kai ga shayin ya tafasa ba na fito. Na yi wa mai gida maganar tagar, ya ce sai ɗansa ya zo sun duba, shi ne mai riƙe da takardun ginin. Mai wuta zai zo ranar Asabar. Majalisi dai har yanzu muna kai, ni ina kan na ƙasa, ita ta koma bayan Likita. Na kuma shafa bangon banɗaki, Abu Fahad, akwai wannan farin garin ta ɓangaren ɗakin yara.

Abu_Fahad_Hausawi: Ɗauki hotonsa yau da kwanan wata, ka tura wa ɗan mai gidan kafin ya zo.

Maman_Walid: Binta, faifan nan da me kika manne su a bango? Ba na son ƙusa ta yi yawa, kuma na ji an ce gam ɗin nan mai fuska biyu yana saki in zafi ya yi.